Jakar Gidanmu Ta Rame

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba, shekarar da na cika sha ɗaya, can farkon shekarun 1990, ina durƙushe a tsakar gidanmu na haya a unguwar Adjamé Liberté da ke Abidjan ina buga ƙwallon murafen kwalba ni kaɗai, ina cin kaina ina murna. An ɗauke ruwan sama ke nan, kwata tana gudu, matan gida suna ta mayar da shanya kan igiya. Sai ga Kaka Rifkatu ta shigo tana dogara sanda, a bayanta wata mata ɗauke da ƙatuwar roba an rufe da tsohon zane kamar kayan wanki. Kaka Rifkatu ita ce babba a zumuntar matan cocinmu da ke Treichville, idonta ya yi rauni ƙwarai, kuma ban taɓa ganin ta haye gada ta zo unguwarmu ba. Ba su tsaya doguwar gaisuwa ba. Suka shige ɗakinmu, suka sauke robar a bayan ƙofa, tsohuwar ta laluba hannun Mama ta ce, "Saratu, saƙo ne daga gida." Suka juya suka fita, ko ruwa ba su sha ba. Mama ta ɗaga zanen. Shinkafa ce cike da roba, da kwalbar manja, da albasa. Ludayi ya suɓuce daga hannunta, ta zauna daɓas a ƙasa.

Sai na yi muku bayanin cocin nan kafin ku gane abin da ya zaunar da Mama. Mu 'yan Lutheran ne, iyayenmu daga wajajen Numan suka zo, yawancin mazan 'yan dako ne a tashar jiragen ruwa, wasu masu gadi, wasu kuku a gidajen manya. Ba mu da ginin kanmu. Shagon wani kafinta muke ara ranar Lahadi, mata su zo da sassafe su share garin katako, a jera bencunan da bai riga ya sayar ba, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin aikinsa ya zama bagade. Da Hausa muke sujada, mata na buga tulu da caki, ƙamshin katako da fenti yana shiga hanci har cikin addu'a. Fasto sau ɗaya yake zuwa a wata don Jibin Ubangiji, sauran makonni mai bishara ke riƙe mu. Ban da baikon faranti, mata suna da nasu. Kowace mace tana da 'yar jaka da ta ɗinka da ƙyallen zanenta, duk lokacin da za ta ɗora tukunya sai ta cire damƙi ɗaya na shinkafa ta zuba a ciki. Ranar Lahadi yara ne ke miƙa jakar, wai don hannunmu ya saba da bayarwa. Kaka Rifkatu tana zaune kusa da durom ɗin da ake tara shinkafar, ta karɓa a tafin hannu, ta ɗan jinjina, ta juye, ta ce, "Ubangiji ya ƙara." Ƙarshen wata ta kwashe abin da ya taru ta kai gidan da tukunya ta daina hawa wuta. Ba a roƙa, ba a godiya, ba a tambaya. Yadda take sanin gidan, ba wanda ya sani. Mata suna cewa a mafarki ake nuna mata.

To, ni ne mai kai jakar gidanmu. Mama takan riga mu tafiya shara da jinjiri a baya, Baba yakan wuce daga tasha, ni kuma sai na cika randuna a famfo sannan in hau bas ni kaɗai in sauka a tashar Gare de Bassam. A nan Shaiɗan ya kafa mini tebur. Akwai wani ɗan Nijar, Hamidu, mai sayar da garba, wato aceke, dambun rogon mutanen can, da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono. Ƙamshin man nan yakan tare ni tun daga ƙofar bas. Hamidu ya gaji da cin aceke safe da rana, ni kuwa na gaji da shinkafa. Wata rana ya ga jakar ya ce, "Petit, ɗan yaro, me ka ɗauko haka?" Ban san lokacin da muka gama ciniki ba. Rabin jaka, faranti ɗaya da kifi biyu. Makaranta dai a aji uku muka rabu da ita ba tare da kewar juna ba, amma irin wannan lissafi ban taɓa faɗuwa ba. Kuma ku sani, a lokacin ina iya karanto doka ta bakwai, wadda ta hana sata, daga katekisma da ka, har da bayaninta, da man kifi a leɓena.

Ba ni kaɗai nake ci ba. Abokina Iliya, ɗan wani tela a cocinmu, a Treichville suke zaune, kullum yana jirana a tashar da rigarsa a goge tsaf. Iliya yana cin abinci kamar ana binsa da bulala. Kafin in kai loma biyu ya kai biyar, har na raɗa masa suna Tanki, ina tsokanarsa a gaban yara. Ba ya fushi. In mun gama sai ya naɗe kan kifin da ƙayoyin a takarda ya cusa a aljihu, ya ce na kyanwarsu ne. Mako takwas muna haka, ni ina ganin duk Abidjan ba mai wayona.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan ko a jikina. Na ɗauka rabo ne ya faɗo mana. Mama kuwa tunaninta ɗaya: an kori Baba daga aiki ya ɓoye mata, coci ta ji, ita ce ta ƙarshen sani. Da la'asar Baba ya dawo da ƙullin nama a hannu, yana fito. Ya ga robar, ya ga Mama tana hawaye, ta ce, "Baban Dauda, tun yaushe?" Da ya gane abin da take nufi, fuskarsa ta canza yadda ban taɓa gani ba. Mutum ne da ke ɗaukar buhu daga safe zuwa yamma don kada a ce gidansa ya kwana da yunwa. Ya ce ita ce ta je ta kai ƙararsa wurin mata, ta ce ba ya ciyar da ita. Tana rantsuwa, yana ɗaga murya. Ana cikin haka sai Hajiya, matar wani Bakano mai kawo kaya da ke ɗakin gaba da namu, wadda ta ga shigowar robar ta kuma fahimci abin da ta fahimta, ta aiko da kwanon tuwo da miyar kuɓewa a rufe, wai a ba yara. Baiwar Allah alheri ta nufa. Baba ya kalli kwanon nan, ya zauna a bakin gado, ya ce a hankali, "Gobe zan mayar musu da kayansu. Daga nan ƙafarki ba za ta sake taka cocin nan ba sai kin faɗi wadda kika gaya wa." Cocin nan kuwa shi ne dangin Mama kaf a ƙasar nan. Can take da masu riƙe mata jinjiri, can take jin harshen garinsu, can take dariya. Ni dai na cinye tuwon Hajiya, kada ya lalace.

Washegari Baba ya sa kwat ɗinsa ɗaya tilo, ya ɗora robar a ka, muka shiga bas mutane suna kallonmu. Da muka sauka, Hamidu ya ɗaga mini hannu, na yi kamar ina karanta allon shago, ni da ban iya karatu ba. Iliya ba ya tashar, a coci ma ban gan shi ba. Aka fara sujada da furta zunubi kamar kullum, na faɗi nawa da ƙarfi tare da kowa, ban ji komai ba. Da lokacin jaka ya yi na miƙa tamu, a cike, tun da ranar ba a samu damar ciniki ba. Kaka Rifkatu ta jinjina sau ɗaya. Ta sake jinjinawa. Maimakon ta juye, sai ta kama wuyan hannuna ta riƙe, ta ɗago fuskarta wajena da idanun nan masu hazo.

Bayan an tashi, Baba ya ja mu bayan shago, tsakanin tarin katakai, ya dire robar a gaban Kaka Rifkatu. Ta bar shi ya gama faɗansa tas. Sannan ta ce, "Yakubu, matarka ba ta buɗe baki ba. Kuma ba na mafarkin kowa. Idona ya tafi, hannuna bai tafi ba. Gidan da ya dafa sau goma sha huɗu, jakarsa daban take da gidan da ya dafa sau biyar. Mako takwas taku tana ramewa, yau kuma ta yi ƙiba." Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Kaka, ban taɓa ɗora tukunya ban cire damƙi ba." Na ji idanu suna juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya, har jinjirin da ke bayan Mama. Na ɓarke da kuka na zayyane komai, Hamidu da aceke da kifi biyu. Mama ta riƙa maimaita, "Abincin Ubangiji, Dauda? Abincin Ubangiji?" Har na ja numfashi zan ambaci Iliya, don mu raba dukan da shi, sai Kaka ta riga ni magana.

Ta ce, "Jaka biyu suka rame a watannin nan. Abin da ke durom na gida ɗaya ne. Na zaɓi naku saboda mai shayarwa."

Hannun da Baba ya ɗaga zai kai mini mari ya sauko da kansa. Ya cire hularsa. Ya juya ya ce, "Saratu, ki yafe ni," a gaban tsohuwa, a gabana, maganar da ban taɓa zaton tana cikin bakinsa ba. Kaka ta ce wanda ya ci shi zai ɗauka. Aka ɗora mini robar a ka, na bi bayanta da matar nan ta jiya cikin tsakar rana, muna ratsa layukan Treichville, wuyana kamar zai karye, gumi yana shiga mini ido. A wata kusurwa ta ce in sauke, in juya, in tafi, kada in waiwaya. Na ce to. Na yi taku goma, na laɓe bayan wani kiyos, na leƙo. Ai kun san ni zuwa yanzu.

Ƙofar da suka tsaya na san ta. Sau da yawa na rako Iliya har bakinta, bai taɓa cewa in shiga ba. Shi ne ya fito ya kama wa matar robar, ba riga a jikinsa, haƙarƙarinsa a fili. A bakin ɗakinsu ƙannensa uku suna zaune a jere ba mai wasa, kusa da su murhun gawayi, ruwan sama ya kwanta a cikinsa har ya yi tsatsa. Na duba ko'ina a tsakar gidan. Babu kyanwa.

Dukan dai ya zo daga baya, Baba ba ya barin aiki rabi. Amma ban tuna zafinsa ba, murhun nan nake tunawa. Mama ta ci gaba da zuwa coci, Baba da kansa ya riƙa tuna mata damƙi, jaka kuma ni aka bar wa ɗauka, abin da ya fi dukan ciwo. Ban taɓa gaya wa Iliya na leƙa ba, ban kuma sake kiransa Tanki ba. Da na girma na taɓa ƙoƙarin wanke kaina a gaban matata, na ce ai rabin abin da na sata cikin mayunwaci ya shiga, sai ta tambaye ni ƙannen uku fa, na tashi na fita shan iska.

Kaka Rifkatu ta riga mu gidan gaskiya tun kafin rikicin 2011 ya watsa mu, wasu suka koma gida, wasu suka bi ta Gana, Iliya ban san inda ya faɗa ba. Shagon kafinta ya zama wurin gyaran waya. Cocin da nake zuwa yanzu yana da tayil da fanka da lasifika, baiko ma ta waya ake turawa, kowa da idonsa garau, amma mutum zai iya zama kusa da kai shekara guda da riga a goge ba ka san murhunsa ya yi tsatsa ba. Furfura ta cika mini kai, har yanzu ban iya auna jaka da tafin hannu ba. Abin da na iya kaɗan ne: in wani ya ce mini yana da kyanwa a gida, sai in ƙara masa kifi.