Kuwwar da Alwyn Pengilly Ya Amsa

Alwyn Pengilly makiyayin tumaki ne daga filayen yammacin garin Hay, inda za ka hango baƙo tun yana ɗan ɗigo, ka dafa shayi ka shanye bai iso ba. Yana da shekara talatin da ɗaya ya shiga soja, ya bar wa matarsa Thelma karnuka biyu da garken da ba nasa ba. A 1943 aka kai bataliyarsu dazukan New Guinea.

Dajin ya tsorata shi, bai kuma ɓoye ba. Ganye sama, ganye ƙasa, taku biyar ba ka ganin na gabanka. Reshe ya karye, sai ya zabura. Abokinsa a ramin yaƙi shi ne Lionel Ashby, wanda ya fito daga jami'a kai tsaye zuwa kaki, shi ya sa ake kiransa Farfesa.

"Farfesa, littattafan naka ba su faɗi ta inda ake fita daga nan ba?"

"Sun faɗa, Sarkin Tumaki. Ruwa ne ya cinye shafin."

"Ka ji banza! Miƙo gwangwanin naman nan kafin hannuna ya zubar da cokali."

A ƙasarsu, in mutum ya ɓata a daji yakan kai hannu baki ya ƙwala kuwwa, "Kuu-wii!" Duk wanda ya ji sai ya amsa, ko ba sa ga-maciji, ya yi ta amsawa har ɓataccen ya biyo muryar. Alwyn yana da shekara shida muryar mahaifinsa ta dawo da shi gida haka.

Wata rana da hantsi suna sintiri cikin ciyawa da ta fi mutum tsawo, abokan gaba suka buɗe musu wuta. Suka watse, suka taru kwance a bakin wani rafi. Aka duba, babu Lionel.

"Ko tari kada in ji," in ji Saje Kinnear cikin raɗa. "Suna kan bishiyoyi, murya suke jira."

Sai ga kuwwar. Siririya, tana rawa.

Ba wanda ya motsa. Haƙoran Alwyn suna haɗuwa har yana jin ƙararsu. Kuwwar ta sake zuwa, wannan karon ta fi nisa.

"Saje, wajensu yake nufa," in ji Alwyn.

"Ina da kunne. Rufe bakinka."

"Ba ya gane gabas ko a titin birnin Melbourne, Saje."

"Pengilly, na ce ka kwanta!"

Alwyn ya ja ciki ya bi rafin, ya yi nisa da sauran don kada ya jawo musu wuta. Murya ba ta tafiya in mutum yana kwance, ya san haka. Ya durƙusa, ya kai hannu baki, ya ƙwala.

Lionel ya amsa. Alwyn ya sake, harsashi ya tsinke ganye kusa da kunnensa. Ya sake. Duk amsar da ta dawo ta fi ta baya kusa.

Kuwwar Alwyn ta huɗu ce ba ta fito ba.

Lionel ya ɓullo daga ciyawa da rarrafe, ko ƙwarzane babu. Ya tarar da Alwyn kife a bakin ruwa, hannunsa ɗaya har yanzu a gefen bakinsa.

A can aka binne shi. Thelma ta rubuto tana tambaya ko mijinta ya ji tsoro. Lionel ya kasa yi mata ƙarya. Ya rubuta mata cewa ya ji, ƙwarai da gaske, kuma sau uku ya amsa.