Buhun Yashi Ba Ya Ƙorafi

Yayana tun yana saurayi ba a raba shi da babur. Guguwa ake ce masa a unguwarmu, domin ba ka ganin fitarsa, sai dai ka ji ƙararsa ta sha kwana. Aikin raba magunguna ya yi har furfura ta cim masa, daga wannan shago zuwa wancan asibiti, a kan wani ƙaramin babur da ya haddace ramukan garin nan kaf. A bayan babur ɗin nan ya kai matarsa awon ciki, a bayansa ya kai ta kasuwa da makarantar da take koyarwa. Ni ƙanensa ne, wanzamin zamani mai shagon aski a bakin titi. Ina ce mata matarmu, ita kuma ta ce mini ƙaramin miji, kuma ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Tun suna sabon aure ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga teku, kuma a kan babur. Yara suka zo, hidima ta yi yawa, teku ya yi ta jira. Sai ga shi watan da ya ajiye aiki, wata safiya ina tsakiyar yi wa mutum gyaran fuska, na ji wani gurnani a ƙofar shagona. Na leƙa, sai ga Yaya a kan wani ƙaton babur na doguwar tafiya, baƙi wuluk, da gilashin tare iska a gaba, da akwatuna biyu a gefe, tankinsa kamar randa. Na hannu ne, amma yana sheƙi. Yaya yana ta washe baki, har da buga oda ba dalili.

"Teku!" ya ce. "Je ka gaya wa matar taka ta haɗa kaya!"

Wallahi har ni sai da tsikar jikina ta tashi. Na bar mutumin nan da kumfa a fuska na zagaye babur ɗin ina shafawa.

Murna ba ta yi nisa ba. Suka fita gwaji zuwa garin da ke gaba da mu suka dawo, matarmu ta sauko tana dafe da ƙugu, tana ɗingisawa. Ta cire hular kwano ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baban yara, in ka je ka gaida mini tekun."

Yaya ya shiga tashin hankali, domin ba teku ne ya dame shi ba, da ita yake son zuwa. Amma maimakon ya tambaye ta ina ke mata ciwo, sai ya yi abin da ya saba, ya shiga gyara shi kaɗai. Ya kai kujerar baya wurin mai ɗinkin kujerun mota aka cusa mata soso mai laushi har ta kumbura. Sannan ya cika buhu da yashi daidai nauyin matarsa, ya ɗaure shi a baya da igiyar roba, ya yi ta bin gargada da shi. Yamma na yi sai ya tsaya a shagona yana haki.

"Ka gani? Ko motsi bai yi ba!"

"Yaya, shi buhun yana da ƙugu?"

"Kai dai yi askinka."

Ya je ya kai mata albishir a gabana, tana zaune a falo tana duba aikin ɗalibai. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ɗago.

"Buhun ne ya gaya maka ya ji daɗi?"

Na ƙunshe dariya.

"Baban yara, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka taɓa zama a bayan babur?"

Yaya ya shiga tunani. Ni ma na laluba tun yarintarmu, ban tuna rana ɗaya da na gan shi a bayan wani ba. Mutumin da ko babur ɗin haya ya tare sai ya ce wa mai shi ya koma baya!

"To ga sharaɗina," in ji ta. "Ƙaramin miji ya goya ka, ku bi hanyar da muka bi. In ka sauko ka ce da daɗi, gobe ma sai mu tafi." Ta juyo gare ni. "Kai kuma ka tuƙa yadda yake tuƙawa. Kada ka ji tausayinsa."

Abin nema ya samu! Babur ɗin da ko oda ba a bari in taɓa, yau ga makulli a hannuna. Na murɗa, ya yi gurnani, muka cilla. Ba mu fita gari ba Yaya ya fara kiran sunan Allah. Soson nan mai laushi ya lotsa har ƙarfe ya same shi. Matakin ƙafar ya yi sama, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Duk birkin da na taka, hularsa ta daki tawa, ƙwal! Na tarar da rami ban ce masa komai ba, yadda shi ma ba ya cewa, sifirin baya ya nutse har ƙasa.

"Kai! Ka kashe ni! Salansa na gasa mini ƙafa! Ina zan riƙe?"

"Buhu bai yi ƙorafi ba, Yaya!"

Ina ta ƙyaƙyata dariya iska na cika mini baki. Amma da muka yi nisa sai na ji ya yi shiru, shirun da ban so ba. Na gangara gefen titi na tsaya a ƙarƙashin wata bishiya. Ya sauko a hankali, ya cire hula, ya tsaya yana kallon hanyar da muka baro.

"Mun wuce gada?"

"Tun ɗazu."

"Ban ga kogin ba. Ban ga komai ba, sai ƙeyarka. Kuma na fi matar taka tsawo."

Dariyar ta ɗauke mini. Na ga idanunsa sun kaɗa, ni ma tausayin matar nan ya kama ni. Tun aurensu take zaune a bayansa tana kallon ƙeya da zufa, shi yana gaba yana nuna mata duniya da baki, ita kuma tana cewa "lallai kam."

Gyaran da ya biyo baya da ita aka yi shi. Ya ɗora ta a kan babur ɗin a tsakar gida, ya durƙusa yana tambaya, nan ne? nan fa? Aka yaye soson nan aka sa mai tauri a ƙasa, mai laushi kaɗan a sama, aka ɗaga kujerar sosai. Mai walda ya yi mata majingina da mariƙi, ya sauke matakin ƙafa, ya rufe salansa da faranti. Bakanike ya ƙara wa sifirin ƙarfi daidai nauyin mutum biyu da kaya. Abin da ya fi ba Yaya wuya kuwa shi ne koyon taka birki a hankali, da taɓa mata gwiwa kafin rami. Buhun yashin an juye shi a gindin furanni.

Ranar tafiya na raka su a kan ɗan babur ɗina. Matarmu ta hau, ta jingina, kanta ya zarce nasa. Tun a cikin gari nake ganin hularta tana juyawa dama da hagu. Muka haura tudun da ke bayan gari, inda muka shirya yin sallama, Yaya ya tsaya. Daga nan ana hango kwalta ta miƙe ɗoɗar, ga gada, ga kogi yana walƙiya, ga gonaki har inda ido ya ƙare. Matarmu ta ɗaga gilashin hularta, ta dafa kafaɗunsa, ta miƙe tsaye a kan matakin.

"Baban yara! Ashe haka gaba yake? Shi ne kake ta kallo kai kaɗai?"

Yaya ya gyaɗa kai.

"Zan tafi a hankali," ya ce da ƙyar, "don ki gani da kyau."

"A hankali? Ni da na makara?" Ta zauna, ta buga masa kafaɗa. "Guguwa, ƙara wuta!"

Ko sallamar ba su yi mini ba.