Karta Uku a Hannun Yaya

Jiya na ga 'yan caca a kasuwar Shisanhang ta nan Guangzhou, sai Yaya, wan mijina, ya faɗo mini a rai. Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar nan yakan tara baƙin 'yan kasuwarmu ya tona musu asirin karta uku, yatsunsa jawur da goro.

Wata rana na ce masa, "Ban yi boko ba, amma ba a haifi mai cuta ta ba." Ya raba karta, na sa kuɗi; sau uku ina faɗuwa, wani ɗan Maraɗi yana ta ci.

Yaya ya yi dariya. "Hajiya, bar kallon hannuna. Mai cin nan yarona ne."

Yanzu duk Guangzhou ba mai iya ce mini na yi kuskure. Allah Ya sanyaya masa makwanci.