Na Kujerar Baya

Wataƙila na rikita wasu abubuwa, don an jima. Jiya lasifika ta lalace a taron wurin aikinmu, na ci gaba da magana, sai Hajiya ta faɗo mini a rai.

Maƙwabciyarmu ce a Hyattsville. An ce tana cikin matan farko da suka hau dandalin wasan kwaikwayo a Kaduna, kafin ta shiga fim. A lokacin saura mako guda in kare kundin digirina a gaban malamai, na gaya mata muryata na shaƙewa a gaban jama'a.

Ta fitar da ni filin ajiye motoci, mayafinta na ƙamshin turaren wuta, ta zauna can nesa a kujerar roba.

"Fara, 'yar nan."

Na fara.

"Da takalminki kike hira? A zamaninmu babu lasifika. Yi wa na kujerar baya magana, shi ma kallo ya zo!"

Kwana shida muna haka, ko biyar. Ranar da na tsaya gaban malamai, a ƙarshen zauren ta zauna. Da na fito ta ce, "Na ji ki sarai."

Allah ya haskaka kabarinta. Wanda ya san ta a dandali, don Allah ya gyara mini inda na kuskure.