Mai Makullin Da Talabijin Ta Bari Cikin Ankwa

Shekara ashirin da ɗoriya mai yankan makulli ya yi a bakin layin shaguna, da teburinsa, da injinsa mai kukan sauro, da allon ƙusoshi inda makullai ke reto. Ba wanda ya taɓa kallon fuskarsa, hannunsa ake kallo. Sai da talabijin ta nuna fuskar, sannan jama'a suka gano ashe tun asali irin ta ɓarayi ce.

Masu shirya wani wasan kwaikwayo na 'yan sandan birni ne suka kulle kayan ɗaukarsu a ɗaki, makulli ya ɓata, aka kira shi. Ya zaro tsinken gashin matarsa daga aljihu, ya sosa kwaɗon kamar mai sosa kunne, ya buɗe. Darakta ya dafe kai. Yana da jarumai masu iya ɗaure fuska cikin kaki, amma ba shi da ɓarawo ɗaya da zai iya buɗe ko gwangwanin madara.

Haka ya zama Tsinke, ɓarawon da ke hana Sufeto barci kowane mako. Darakta ya dage sai an ɗauki hannun kusa-kusa, da kwaɗo na gaske, ba yanke hoto, don masu kallo su yarda. Suka kuwa yarda.

An yi masa alkawari cewa a ƙarshen labari za a gano Tsinke jami'in sirri ne, Sufeto ya sara masa a gaban kowa. Sai kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyin shirin ya lura sabulu bai ƙara tafiya ba, ya janye. Kashi na ƙarshe da aka nuna ya tsaya daidai inda aka sa wa Tsinke ankwa, aka tasa ƙeyarsa cikin mota. Mako na gaba aka sa shirin girke-girke a gurbin. A wajen masu kallo, har yau yana cikin motar.

Ciniki ya ja baya. Mai kawo makulli a yanka sai ya tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa, yana ƙirga ko biyu za a yanka maimakon ɗaya. Mata kan janye jaka in sun zo wucewa.

"Baban yara, ka aske gemun nan mana," in ji matarsa. "Da shi ake gane ka."

"Da shi kika gane ni ke ma, ba ki gudu ba."

"To ba ni tsinkena."

"Ya zama kayan aiki."

Ana nan sai mai yadi, shugaban 'yan layin, ya kira taro. Magana ɗaya ce: a tashi teburin Tsinke daga bakin layi. Teburin nan kuwa shi ne abincin gidansa, kuma a nan kaɗai aka san inda za a same shi.

Ƙanin matarsa, mai son gyara abin da ba a sa shi ba, ya nemo mafita. Ya gano wanda ya fito a Sufeto, yanzu tasi yake ja, kuma kakin wasan na nan a akwatinsa. Ranar taro ya kawo shi shagon mai yadi, kakin ya matse shi, maɓallin ciki na neman agaji.

"Yaya, ga shi nan," in ji ƙanin cikin raɗa. "Zai faɗa musu ƙarshen labarin, ya sara maka, shi ke nan."

Sufeto ya gyara murya, ya fara ɗaga hannu. Tsinke ya kama hannun ya sauke masa a hankali.

"Ranka ya daɗe, ajiye. Ɗan sandan ƙarya ne ya kama ni, ba zan jira ɗan sandan ƙarya ya wanke ni ba. Je ka, fasinja na jira."

Sannan ya juya ga 'yan layi, waɗanda suka zauna a kan bandiran yadi.

"Shugaba, kwaɗon ƙofar nan wa ya sayar maka?"

"Kai ne. Amma ba nan take ba."

"Nan maganar take. Mai takalma, naka fa? Mai magani? Duk ni ne. Babu kwaɗo a layin nan da ba zan buɗe ba kafin mai shi ya gama laluben aljihu. Haka nake tun kafin a haifi darakta a sana'a. Me ya taɓa ɓata muku?"



"Ai da ba mu sani ba," in ji mai takalma.

"To yanzu kun sani. Ku tashe ni. Tebur zan ɗauka, hannun kuma tare za mu tafi, ba a nan zan bar muku shi ba. Sai dai daga ranar ba za ku san inda yake kwana ba."

Ya fita, ya bar su da shawara. Ba su daɗe ba. Shugaba ya fito da kansa ya sanar cewa, bayan dogon nazari, an ga ya fi alheri Tsinke ya zauna inda ido ke ganinsa.

Ƙanin matar ya fusata. "Yaya, wannan ai zagi ne! Ba yarda suka yi da kai ba, gadinka za su yi."

"Na ji da kunnena. Kama min teburin."

Da can titi teburin yake kallo. Suka juya shi ya fuskanci shagunan. Ya roƙi Sufeto ankwar wasan, ya rataye ta a ƙusar da ta fi kowace tsawo a allon, sama da makullai. Gemun yana nan, ya ma ƙara tsawo.

Kowace yamma, in masu shaguna suka ja ƙofa suka danna kwaɗo, sai su waiwayo bakin layi. Shi kuma ya ɗaga musu tsinken, ya ce, "A sauka lafiya."