Sunan da Kaka Ta Faɗa Sau Ɗaya

Innata 'yar fari ce, don haka kakata ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ko "waccan", shi ke nan. Kunya ce irin ta Fulanin Udubo. Amma wata rana ina ɗaukar hirar tsohuwar a wayata, ta yi nisa cikin labarin haihuwarta ta farko, sai sunan ya kuɓuce mata. Sau ɗaya tak.

Bayan rasuwar Kaka wayar ta faɗa rijiya. Allah ya sa na riga na kwafe muryar a tsohuwar kwamfutar shagona a Azare, wadda na sa wa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Sai dai manhajar sauti ta ƙi buɗe ta, don waɗanda suka haɗa ta ba su koya mata irin sautin waya ba. Dole na samo asalin rubutun manhajar, na gyara layi guda, na shiga sake gina ta daga tushe. Sau uku ana ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Haba!

Ran nan Inna ta shigo cin kasuwa, ta biyo ta shago. Motar gida ta ƙarshe da la'asar take tashi. Na gaya mata Kaka ta faɗi sunanta a hirar da na ɗauka.

"Kai dai akwai zuƙi," in ji ta. "Ita ɗin ce za ta faɗi sunana?"

"Ki dai zauna, Inna."

Maƙwabcina, wani ɗan kudu mai kayan babur, ya jawo mini wuta daga janaretonsa. Na sake farawa. Farin rubutu ya yi ta hawa baƙin gilashi, layi bayan layi, kamar shanu na komawa gida. Fanka na kaɗawa a hankali, ƙamshin man shanu na tashi daga ƙwaryar Inna. Gyangyaɗi ya ɗebe ni, har na ga kamar a tsakar gidan Kaka muke, tana tsefe kai. Wallahi tsoro nake ji kar in kunyata.

Ana kiran sallar la'asar rubutun ya tsaya cak, aikin ya kammala. Inna har ta ɗaura gyale. Na danna, na kunna muryar.

Tarin Kaka muka fara ji, da kukan zabi a bayanta. Ta yi ta labari, ta yi ta labari, sannan ta faɗi sunan, a hankali.

Inna ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa.

"Na'am," ta ce.