Mutumin da Ya Ƙi Huda Bindigar Marlys

Ƙarfe bakwai na safe, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, Orest Pawliuk ya riga ya share ƙofar shagonsa da shebur, ya hura murhu, ya ɗora tukunyar gahawa. Gahawar nan kowa a garinmu ya sha ta, kowa kuma ya kushe ta, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi a ƙara masa ba. Daga nan sai ya ɗaura ƙyallen fatarsa a gaba, ya jera magagarai da sukurudirebobi kowanne a gurbinsa, ya zauna jiran bindigogin da masu su suka lalata da hannunsu. Shekara arba'in da uku ke nan yana wannan aiki a lungun nan namu na Manitoba. Ƙarshen watan Afrilu zai rufe shagon, domin hannu ya fara rawa, ya ce gara ya bari da kansa tun bai ɓata wa wani kaya ba.

Ba mutum ne mai zaƙin baki ba. Ka miƙa masa bindiga, abu na farko sai ya buɗe ta ya leƙa, ko da ka rantse da kabarin kakanka babu komai a ciki. Gord Friesen, sarkin surutun ƙungiyarmu ta masu harbin takarda, ya taɓa yi masa irin wannan rantsuwa. Orest ya ja sakatar bindigar, harsashi ya faɗo a kan tebur yana gangarawa. Ya tsince shi, ya sa wa Gord a aljihun riga, ya ɗan bubbuga aljihun. Ranar ce kaɗai muka taɓa jin Gord ya yi shiru na minti biyar cur.

Labaran Orest suna da yawa, amma na Marlys Dueck ne ya sa na ɗauki alƙalami. Marlys ta ba saba'in baya. Tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a gona, mil goma sha ɗaya daga gari, 'yarta kuma kullum tana waya daga Winnipeg a kan ta tattaro ta dawo birni, har an samo mata ɗaki a gidan tsofaffi. Abu ɗaya ya riƙe Marlys a nan, shi ne Asabar. Duk Asabar da rana muna haɗuwa a ɗakin ƙasa na zauren taron gari, mu manna takarda mai baƙin ɗigo a nisan yadi ashirin, mu yi harbi, mu yi ƙarya, mu ci burodi mai kirfa. Bindigarta irin ta gwanjon soja ce, wadda aka ƙera don koya wa kurata harbi, mai nauyin bindigar yaƙi amma mai cin ɗan ƙaramin harsashin nan mai lamba ashirin da biyu. Da ita ta shekara talatin tana kunyata mu.

Sai ido ya fara cin amanarta. Ɗan ƙarfen saiti na bakin bindigar ya zama hazo, harsasanta suka fara yawo a takarda. Ba ta gaya wa kowa ba, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba, wanda yanzu na gane ba kirki ba ne, tsoro ne. A ƙungiyarmu kuwa, ɗora wa bindigar soja madubin hange abin dariya ne. Gord yakan ce duk wanda ya sa madubi ya tafi ya nemi wata a sama, ya bar mana takarda.

Wata Talata ta watan Janairu ta shigo shagon Orest da bindigar a nannaɗe cikin bargo, da wani kwali a hammata. Ta je birni a ɓoye ta sayo madubi, kuma da yake ido ya yi rauni, ta zaɓi mafi girma a kantin, irin na masu farautar barewa, tsawonsa ya kusa kamu guda. Mai kantin ya gaya mata aikin ba wuya, rami huɗu kawai za a huda a bayan bindigar a ɗaure shi. Orest ya buɗe bindigar ya leƙa, ya juya ta, ya shafa tambarin soja da ke jikin ƙarfen da babban yatsa, daidai inda ramukan za su faɗa.

"Ba zan huda ba," ya ce.

"Tawa ce fa, Orest. Ba aro na yi ba."

"Taki ce. Amma ta girme ki, kuma za ta riga ki ganin jikokin jikokinki. Ramin da na huda yau, babu mai toshe shi."

"To ka ajiye ta ka nemo mini mai saye. Ni na gaji da harbin hazo ana yi mini kara."

Ta fita ta bar masa bindigar da kwalin, har safar hannunta ta manta. Orest ya gaya mini daga baya cewa ya daɗe bai ji tsoro irin na ranar ba. Ya san abin da sayar da bindigar nan yake nufi. Ya san in Marlys ta daina zuwa Asabar, kafin dusar ƙanƙara ta narke tana Winnipeg tana kallon motoci ta taga. Ya kuma san taurin kansa ne zai zama sanadi, in bai samo wata hanya ba.

Kai ne, Orest, ka ture aikin mutum shida gefe saboda wannan bindiga. Kai ne ka kwance saitin baya, ka ga ramuka biyu da sojoji suka riga suka huda tun kafin a haife ka, ka ce waɗannan sun isa. Ka yanko guntun ƙarfen da madubi zai hau kansa, ka yi ta gogarsa da magagari kwana huɗu, da hannun nan mai rawa, har ya zauna a kan ramukan daram. Saitin da ka cire kuwa ka shafe shi da mai, ka sa a 'yar jaka da kusoshinsa, domin ranar da mai lafiyar ido ya gaji bindigar ya mayar da abinsa cikin minti goma.

Da ya kira ta, ta zo tana cika tana batsewa. Bai ba ta haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya matse bindigar a kan tebur, ya ɗora ƙaton madubin nata, ya saita shi a kan takarda a ƙarshen shagon, ya ce ta leƙa ta ɗan kaɗa kanta hagu da dama, kada ta taɓa komai. Ta leƙa. Gicciyen zaren da ke cikin madubin ya riƙa zamewa daga kan ɗigon yana dawowa, alhali bindigar ko motsi ba ta yi ba. Ya bayyana mata cewa madubin barewa an yi shi ne don yadi ɗari zuwa sama, a yadi ashirin kuwa ƙarya yake yi wa ido. Da ta harba da shi da ta fi da ɓaci, kuma da ta ɗora laifin a kan idonta.

Washegari ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar auren ɗansa sai da aka yi da gaske ya yi, ya ɗauke ta a tsohuwar motarsa suka koma birni. Suka mayar da ƙaton, suka ɗauko wani ɗan siriri mara kwarjini, wanda aka yi don gajeren zango. Marlys ta ce ya yi kama da abin wasan yara. Orest ya ce ai ita ma ba giwa take harbi ba.

Matsala ba ta ƙare a nan ba. Da aka ɗaura sabon, hannun sakata ya riƙa dukan gindinsa. Wani da sai ya sa wuta ya lanƙwasa hannun, a wuce wurin. Shi ya sake ƙera zobban da ke riƙe madubin, ya ɗaga shi sama kaɗan. Ɗagawar kuma ta sa kumatun Marlys ba ya kai wa katako, sai ya ɗinka matashi na fata mai igiya ya ɗaure a ƙotar bindigar, ba ƙusa ba gam. Ya rataya zare mai noti a bango ya daidaita gicciyen da shi, don kada ya karkace.

Abin da ya biyo baya ina wurin aka yi shi. Bai ƙarasa ɗaure madubin ba, ya bar shi yana zamewa gaba da baya. Ya miƙa mata bindigar.

"Rufe ido," ya ce. "Ɗaga ta yadda kika saba, kamar babu komai a kanta. Kwantar da kumatu. To, buɗe."

Ta buɗe, ta ce duhu take gani da ɗan haske a tsakiya, ta fara miƙa wuya gaba tana neman hoton. Ya dafa mata kafaɗa.

"A'a. Kada ki bi shi. Shekara talatin kanki yana sauka a wuri ɗaya, ba yau zai koyi sabon wuri ba. Shi zai zo ya same ki."

Ya ja madubin baya kaɗan, ya ce ta sake rufe ido. Sau bakwai suka yi haka. A na bakwai ta buɗe ido. Ta daɗe a haka, bindiga a kafaɗa, har na zaci wani abu ya same ta. Can ta ce a hankali, ashe ɗigon nan yana da baki kewaye, ita ta manta. Orest ya juya mana baya yana neman sukurudireban da ke hannunsa.

Asabar ta zo. Gord na ganin bindigar ya fara, wai a ba Marlys wuri ta duba mana ko za a yi ruwa a duniyar wata. Ta ce masa ya bari ta gama, za ta duba masa har inda harsasansa suke zuwa, tunda shi bai sani ba. Ta kwanta ta harba biyar don gyara saiti, Orest yana murɗa ɗan maɓallin saitin madubin yana ƙirga ƙararsa da kunne. Ta sake harba biyar. Da aka ɗauko takardar, rami ɗaya ne mai yagaggen baki, wanda kan ɗan yatsa zai rufe. Gord ya juya takardar gaba da baya, sannan ya miƙa mata burodinsa.

Orest, maƙerin da ba ya barin tabo, mun gode. Ka gyara mana bindigogi, amma abin da ka fi gyarawa ba ƙarfe ba ne, kuma ba mu faɗa maka ba sai yau da kake shirin rataye ƙyallenka. Muna jin zafin rufe shagon nan, ba za mu ɓoye ba. Ku kuma masu sana'ar hannu, ko wace iri ce, in aka kawo muku aiki ku dubi kayan, ku dubi mai kayan, kada ku ceci ɗaya ku kashe ɗaya don hanyar ta fi sauri.

Ɗakin nan na Winnipeg an ba wa wata. Marlys tana gonarta, tana shirin shuka dankali in ƙasa ta saki. Ita ce ma ta sa ni wannan rubutu, da na tambaye ta me take so in faɗa, ta ce in bar dogon zance.

"Ka rubuta cewa ya ƙi yi mini abin da na ce," ta ce, "ya mayar mini da Asabar ɗina."